In Ruwa Ya Ci Gonar Mutum, Laifin Wa?

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Birnin Kebbi zuwa Argungu ya san Ambursa, ya kuma san gari ne mai ƙasa iri biyu. A hannu guda ga tudu mai rairayi, inda a ke shuka gero da dawa da wake. A ɗaya hannun, in ka gangara, ga fadamar Gulbin Kabi a shimfiɗe iyakar ganinka, inda a ke noman shinkafa. Magidanta da yawa ƙafarsu ɗaya na tudu ɗaya na fadama. Amma akwai waɗanda ba su da kome sai tudu, akwai kuma waɗanda duk abincinsu na shekara yana bakin ruwa. To, irin wannan zama ya kan ta da wata tambaya wadda mu ke so mu tattauna da ku, 'yan makaranta, gama ba ta cikin littattafan da mu ke karantar da ku, amma kuwa kowace damina sai ta taso.

Ga yadda ta ke. Cikin watan Agusta, sa'ad da gero ya ke shirin fid da kai, in aka yi kwana goma sama ba ta zubo ba, mai tudu ya kan shiga damuwa, ya ɗaga hannu yana roƙon ruwa. Maƙwabcinsa mai shinkafa kuwa, wanda su ke tsaye sahu ɗaya a masallaci, kafaɗa da kafaɗa, hankalinsa na kan gulbi. Ya ga ya cika ya batse, roƙonsa shi ne ya tsaya haka nan. Ran da hadari ya haɗo aka kwana ana sheƙawa, ɗaya ya tashi da hamdala, ɗaya kuwa bai runtsa ba. In abin ya ci gaba, sai gero ya yi kyau, shinkafa ta nutse. Shin za mu ce an karɓi addu'ar wannan, an mayar wa wancan da tasa? In kuwa haka ne, me ya yi?

Ba don son gardama mu ka kawo maganar ba. Mun kawo ta ne domin mun san abin da baki ya kan faɗa a majalisa bayan ruwa ya yi ɓarna. Wani ya ce, “Ai sakacinsa ne, an ce kada a shuka a kwarin nan, ya ƙi ji.” Wani ya rage murya ya ce, “Alhaki ne, wa ya san abin da ya ci na marayu?” Wani kuma ya ce bara ba a ga ya fid da zakka ba. Manya su kan faɗi haka su manta, amma yara na gefe suna ji. Kashegari sai a kawo maganar makaranta, a jefi ɗan mutumin da ita a filin wasa, yaron da ya zo ba karin kumallo, ba littafin rubutu. Mun ga yaro mai ƙoƙari ya daina ɗaga hannu a aji saboda irin wannan. Don haka ya kamata mu auna maganar da kyau.

Bari mu fara da taswira, tun da ita ce sana'armu. Kun karanta cewa iskar damina daga kudu maso yamma ta ke zuwa, ta ɗebo laima daga Tekun Atlantika, ta kori iskar hunturu ta mayar da ita Hamada. Amma abin da da yawanku ba su lura ba shi ne, ruwan da ya ke cin shinkafar Ambursa galibinsa ba a Ambursa ya sauka ba. Ku ɗora yatsa a kan gulbin nan ku bi shi sama. Za ku wuce Argungu, ku isa kusa da Sakkwato, inda ya rabu biyu. Reshe ɗaya shi ne Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa ya biyo ta Gusau. Ɗayan shi ne Rima, wanda ya tattara ruwan Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi, shi kuwa na Maraɗin nan daga ƙasar Katsina ya fito, ya shiga ƙasar Nijar, sa'an nan ya komo. Watau ruwan da ya shayar da geron wani Bakatsine, ya sa shi da iyalinsa murna, shi ne bayan 'yan kwanaki ya ke isowa ya tsaya bisa gonar wani Bakabe wanda bai taɓa ganinsa ba. Ana iya yin rana ƙwal a Ambursa, gulbi kuwa yana ta hauhawa. To, in ambaliya hukunci ce a kan mutum ɗaya, sai mu ce an zubo ruwa a kan ƙasashen Katsina da Zamfara da Maraɗi domin a kama shi kaɗai. Ruwa kuwa in ya zo ba ya tambayar iyaka. Gonar liman da ta ɓarawo, in suna kwari ɗaya, tare su ke nutsewa.

Kada ku ɗauka muna musun abin da malamai su ke wa'azi da shi, cewa zalunci da tauye mudu da hana zakka su kan jawo wa al'umma fari da tsanani. Wannan magana ce mai nauyi. Amma ku lura, a kan jama'a gaba ɗaya a ke yinta, domin kowa ya koma ya binciki kansa. Ba a ba kowa ita don ya mai da ita sandan nuna maƙwabci ba. Ku da ku ke makarantun Gwamnati da ku da ku ke na Mishan duk kun san labarin Annabi Ayuba, mutumin da ya rasa dukiya da 'ya'ya da lafiya ba don ya fi kowa laifi ba. Mai cewa hasarar wane alhaki ce, ya yi da'awar ya leƙa littafin da ba a buɗe wa kowa ba.

Saura maganar sakaci, ita kuwa ta fi wuya, domin akwai gaskiya a cikinta. Lalle akwai hannun ɗan Adam a cikin abin da ruwa ke yi, kuma hannun nan ya ƙaru a zamaninmu. An gama madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, cikin 1978, ta Goronyo kuma a kan Rima cikin 1984. Tun daga sa'an nan cikar gulbi ba ta bin sama kaɗai, tana bin ƙofofin ƙarfe waɗanda mutane ke buɗewa da rufewa. Bayan an gina Bakolori manoman fadama na ƙasa da ita sun yi kukan ruwa ya ragu, shinkafa da kifi sun ja baya. A shekarun da ruwa ya yi yawa kuma, kamar 2010, sai kuka ya juya, aka yi ta gardama a kan yadda aka saki ruwan Goronyo. Cikin 2020 ambaliya ta shafe gonakin shinkafa masu yawan gaske a Jihar Kebbi ana gab da girbi, ta karya gadoji, ta rushe gidaje. Duk mai hankali ya san tambayar yaushe za a buɗe ƙofa, da wa za a gaya wa kafin a buɗe, tambaya ce ta mutane, kuma daidai ne a yi musu ita. Cewa “haka Allah ya so” gaskiya ne, amma ba ta sauke wa ma'aikaci nauyin aikinsa.

Manomi ma yana da nasa rabon. Kakanninmu sun san halin gulbin nan, shi ya sa su ka riƙe irin shinkafar nan ja ta gargajiya, mai tsawon kara, wadda in ruwa na hawa a hankali ita ma sai ta yi ta miƙewa tana binsa, kanta na bisa. Ba ta cika buhu kamar irin zamani, su Faro 44, amma irin zamanin gajere ne, in ruwa ya rufe shi kwanaki ya tafi ke nan. Wanda ya zuba gajeren iri a cikin kwari mai zurfi domin kwaɗayin yawan buhu, ya yi ciniki ne da gulbi, wata shekara ya ci, wata shekara a ci shi. Haka kuma a farkon kowace shekara hukumar kula da yanayi ta Nijeriya ta kan ba da hasashen yadda damina za ta kasance, a kan kuma yi shelar wuraren da a ke tsoron ambaliya. Mun ji waɗansu dattawa suna ƙyamar wannan, suna cewa shiga gaibu ne. Da girmamawa mu ke cewa ba haka ba ne. Tsohon da ya dubi gabas da la'asar ya ce a kwashe shanya, hadari na tafe, ba wanda ya ce ya yi duba. Masu hasashen nan abin da su ke yi ke nan, sai dai idonsu ya fi nisa, gama suna da ma'aunai da taurarin ɗan Adam. Su kan dace, su kan kuma kuskure, kamar yadda tsohon ya kan yi.

Garin Ambursa kansa shaida ne a kan wannan. A zamanin yaƙe-yaƙen Gwandu da Kabawa ribaɗi ne, sarakunan Gwandu sun zauna a cikinsa suna tsaron iyaka, kafin a mai da gadon sarauta Birnin Kebbi a farkon zamanin Turawa. Mutanen nan zuriyar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ne, ba wanda zai koya musu tawakkali. Duk da haka ba su kwanta a fili sun ce Allah ya tsare ba, sai da su ka yi ganuwa su ka sa masu gadi. Annabi Yusufu ma da aka nuna masa shekaru bakwai na yunwa, rumbuna ya sa aka cika. Saboda haka magidancin da ya raba ƙarfinsa, rabi a tudu rabi a fadama, ko ya ajiye damman bara bai taɓa ba sai ya ga kan na bana, ba ƙarancin imani ke damunsa ba.

To, amma ga inda maganar sakaci ta ke gazawa. Mu ɗauki mutum wanda ya yi duk abin da a ke yi. Ya zaɓi iri, ya shuka a kan kari, ya yi noman fari ya yi maimai, ya ji shela ya kiyaye. Sai ruwa ya zo da dare ɗaya, irin zuwan da ko shinkafar gargajiya ba ta iya binsa, ya shafe kome. Ko kuwa mu ɗauki wanda ya ji shelar sarai, amma ba shi da wata gona sai ta kwarin nan, ita ya gāda, ba shi da kuɗin aron wata. Ce masa “kada ka shuka a nan” daidai ya ke da ce masa kada ya ci abinci bana. A gefe guda kuma ga wani wanda ya yi noman ganin dama, ciyawa ta kusa fin geronsa, amma da ya ke shekarar ta tudu ce sai ga shi da rumbu cike. In amfanin gona shi ne ma'aunin mutum, sai mu ce malalacin nan ya fi wancan. Ba kuwa mai yarda da haka in an faɗa masa a fili, amma dubi yadda mu ke gaisuwa: mai rumbu a kan tashi a ba shi buzu, wanda ruwa ya ci a kan amsa masa sallama daga zaune.

Ku kanku kun san irin wannan a aji. Yaro ya kan yi karatu shekara guda cur, ran jarrabawa zazzaɓi ya kwantar da shi. Ba mu kan ce bai yi karatu ba, ko da ya ke ba mu da ikon rubuta masa lambar da bai ci ba.

Akwai wani hukunci a cikin shari'a wanda mu ke ganin ya haskaka wannan al'amari fiye da dogon bayani, shi ne na zakkar hatsi. In amfanin gona ya kai nisabi, watau wusƙi 5, sa'i 300 ke nan, abin da ruwan sama ko na gulbi ya shayar ba da wahalar mai shi ba, a kan fid da kashi 1 cikin 10. Abin da kuwa mutum ya shayar da ƙarfinsa, da jigo ko da guga ko da injin da ya sayi mai ya zuba masa, kashi 1 cikin 20 ne. Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan bambanci. Shari'a ta san gumi, har ta rage wa mai shi rabin abin da zai bayar. Amma ta kuma san akwai wani kashi na abin da ke cikin rumbu wanda ba gumi ya kawo shi ba, saukowa ya yi daga sama, kuma gwargwadon yawan wannan kashi, gwargwadon haƙƙin waɗansu a ciki. Ashe mai geron da ruwan Agusta ya yi wa daɗi, ba lambar yabo aka ba shi ba. Kaya aka ɗora masa, kuma mai kayan na farko shi ne maƙwabcin nan da ruwan ya kwashe wa shinkafa.

Abin kuwa juyawa ya ke yi. Tsofaffinku za su ba ku labarin farin 1973 da na 1984, sa'ad da gero ya bushe a tsaye, dabbobi su ka yi ta faɗuwa, mutanen tudu su ka gangaro bakin gulbi neman abin sawa a baka. A irin waɗannan shekaru mai fadama shi ne mai ɗan abin hannu. Ko a shekarar ambaliya ma ba kowa ke kuka ba. Ruwan da ya malale fadama shi ke ba kifi wurin haihuwa, ya bar laka mai taki, ya cika ƙasa da laimar da za a yi noman rani da ita. Sarkawa da sauran masunta, waɗanda gwanintarsu a ke zuwa kallo a Matan Fada tun bikin da aka yi wa Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu a Argungu cikin 1934, ba su ƙin shekarar da gulbi ya yi faɗi. Ashe roƙon da ke tashi daga sahun nan ya fi biyu. In da za a ba kowannenmu linzamin hadari na kwana ɗaya, da ba a gama damina ba sai an kai mu gaban alƙali.

Wani yaro mai kaifin hankali zai ce, “To, Malam, in haka ne, me zan roƙa? In na roƙi ruwa na cuci mai shinkafa, in na roƙi a ɗauke na cuci mai gero.” Tambaya ce mai kyau, an kuwa taɓa yin irinta a Madina. Ya zo cikin hadisi cewa wani mutum ya tashi ran Jumma'a ya kai kukan fari ga Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, aka yi addu'a, ruwa ya sauka mako guda ba ƙaƙƙautawa. Jumma'a ta kewayo aka sake tashi da kukan gidaje na rushewa, hanyoyi sun yanke. Annabi bai tsauta wa mai kukan ba, bai kuma roƙi a ɗauke ruwan ɗungum ba. Ya roƙi a karkatar da shi zuwa kewayen gari, kan tuddai da kwaruruka da wuraren da itatuwa ke tsiro. Watau ya nemi amfanin ruwan, ya nemi tsari daga cutarsa, ya sa mai kukan fari da mai kukan rushewa cikin addu'a ɗaya. Shi ya sa dattawanmu ba su cewa a ba su ruwa kawai, sai su ce ruwa mai albarka.

Yanzu mu shiga cikin gida, gama can ne hasarar ta ke sauka da gaske, ba a gona ba. Maigida ya dawo daga fadama da laka har gwiwa, ya zauna a zaure bai ce kome ba. Uwargida ba ta tambaya, ta gani a fuskarsa. Daga ran nan mudun da ta ke aunawa ya fara raguwa, da dabara, yadda yara ba za su lura ba. Tuwon dare ya koma kunu, ta ce wai ita ba ta jin yunwa. Akuyar da ta ke kiwo domin kayan ɗakin 'yarta ita ce ta fara tafiya kasuwa. Ba a kan ambaci wannan a wa'azi ko a jarida, amma rabin jimirin da a ke yabon manomi da shi na matarsa ne. In kuna neman misalin tawakkali, ku dubi Inna sa'ad da ta ke raba abin da bai isa ba, ta kuwa san bai isa ba, ta ce bismilla ta ɗora tukunya. Daga nan kuma sai a fara shawarar wa zai tafi cin rani, wa za a cire daga makaranta, galibi kuwa 'ya mace a kan fara cirewa. Mu malamai a rajista mu ke ganin tsawon ambaliya, watanni bayan gulbi ya koma makwancinsa.

A nan ne, a ganinmu, kalmar laifi ta ke samun wurin zama sosai. Wajen watan Nuwamba ruwa ya janye, fadama ta fara tsanewa, lokacin noman rani ya yi. Mutumin da ya rasa na damina yana da dama ta biyu, gama yanzu da 'yar rijiyar burtsatse da injin ban ruwa a kan noma shinkafa da rani a fadamar nan har ta fi ta damina tabbas. Amma yana bukatar iri, da taki, da mai, ga shi kuwa hannunsa wayam. Sai ya sa hula ya nufi zauren mai rumbu. Akwai mai rumbun da zai auna masa iri ya ce, “Ɗauki, Malam, in ka girbe ka mayar da kamarsa,” har ya turo 'ya'yansa gayya ran dashe. Akwai kuma wanda zai ba shi buhu ɗaya a kan ya biya biyu da girbi, ko ya karɓi gonar jingina yana addu'ar kada a iya fansa. Wannan na biyu ya kan kare kansa da cewa in ka saba wa mutane da kyauta sai su lalace. Mun yarda akwai wanda taimako ke lalatawa. Amma mutumin da ya yi wata huɗu yana sunkuye cikin laka ba shi ne wannan ba, kuma mai maganar ya sani, gama gonakinsu na kallon juna.

Da yawanku 'ya'yan masu rumbu ne, waɗansunku kuma wata rana za ku zama malaman gona, ko masu riƙe da mabuɗin madatsa, ko masu rubuta sunayen waɗanda za a ba agaji. Ba mu ce ku je ku yi wa iyayenku wa'azi ba, wannan ba ladabi ba ne. Amma yaro ya kan iya cewa, “Baba, gidan su wane fa ba su samu kome ba bana,” ya yi shiru. Sau da yawa uba ya sani, abin da ya rage a tuna masa ne a lokacin da a ke ɗaure dammai, kafin a liƙe bakin rumbu. Wanda kuma ya iya karatu, in ya ji an yi shelar ruwa na tafe, ya karanta wa tsofaffin unguwarsu da Hausa, ya gaya musu ranar da aka ambata da wuraren da aka lissafa, ko a samu a janye injuna da dabbobi da buhunan taki zuwa tudu tun hanya ba ta yanke ba.